Ladanin da Ya Mai da Masallaci Shago

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya hore wa murya, ya kuma hore masa iya ciniki. Sana'arsa sayar da fenti a wani shago da ke bakin babban titi. In mutum ya shigo sayen gwangwani ɗaya, sai ya fita da uku yana godiya. In lokacin salla ya yi kuwa, shi ke kiran salla a wani ƙaramin masallaci da ke bayan injin yankan katako. Saboda haka kowa Ladan yake ce masa, har matarsa.

Limamin masallacin kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa. Shi ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida, ranar da aka binne uwar. Ya riƙe shi cikin 'ya'yansa, bai taɓa bambanta musu kwano ba. Shi ya koya masa karatu. Da ya isa aure, shi ya wuce masa gaba wajen wani dattijo mai gyaran agogo, aka ba shi 'yarsa.

Masallacin ɗaki ɗaya ne dogo, rufin kwano, da fanka biyu: ɗaya tana juyawa, ɗaya tana kuka kawai. Shimfiɗun sun koɗe. Masu salla a ciki ma'aikatan injin katako ne, da ƙurar katako har a gashin ido, sai makanikai da direbobi da masu ƙananan shaguna. Kawu mutum ne mai sanyin murya, huɗubarsa gajera. Makanikai har tsokanarsa suke yi, wai in ka tsaya neman wurin ajiye takalmi, kafin ka juyo an tayar da salla. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai motocin mutane na jiran su.

Akwai wani sirri tsakanin Ladan da kawunsa. Wata rana bayan la'asar, da mutane suka watse, tsohon ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, karatu ya fara kufce mini. Sai in zo tsakiyar sura in ji kamar an kashe fitila. Ka riƙa tsayawa daf da bayana. In na tsaya, ka ɗora mini a hankali. Ko innarka ban gaya wa ba."

Ladan ya yi kuka a ranar, kukan gaskiya. Ya yi alkawari, ya kuma cika. Shekara biyu yana tsaye a bayan tsohon, yana miƙa masa kalma ƙasa-ƙasa tun kafin kowa ya lura an yi tuntuɓe.

Ana nan, sai wata ƙungiya ta gina masallaci a ƙetaren titi. Tayil a ƙasa, gilashi a tagogi, na'urar sanyaya ɗaki, janareta, lasifika huɗu. Suka kawo matashin liman mai kaifin harshe. Mutane suka fara tsallakawa, wasu don sanyi, wasu don kallo. Sahun kawu da yake kai shida ya koma huɗu, ya koma uku.

Abin ya tsaya wa Ladan a rai. Ran Juma'a sai ya tsaya a ƙofa yana ƙirga takalman wancan gefe, ya juyo ya ƙirga na nasu, zuciyarsa tana tafasa. Idon mai shago ne da shi, bai iya ganin mutum ya wuce ƙofarsa ya shiga ta maƙwabci ba tare da ya ji an yi masa ƙwace ba. Ya sami kawunsa ya ce kasuwa fa tana tsere musu, in ba su tashi tsaye ba za a wayi gari su biyu ne a sahu.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Kasuwa kuma? Wanda ya tsallaka titi ya yi salla, ai ga Ubangijin da muke bauta wa ya je. Me aka rage mana?"

Ladan bai ji ba. A ransa cewa ya yi tsufa ne.

To akwai wani attajiri mai gidajen mai da manyan motoci, wanda yakan sayi fenti a shagon. Wannan attajiri ba ya ga maciji da mutumin da ya gina wa ƙungiyar nan masallacinsu, don sun daɗe suna takara a kasuwanci. Ladan ya san haka. Ya yi amfani da harshen da yake sayar da fenti, ya nuna masa cewa abokin hamayyarsa na kwashe addu'ar mutane da yabonsu shi kaɗai. Attajirin ya yarda zai rushe ƙaramin masallacin ya gina mai bene. Amma ya kafa sharaɗi biyu: takardun filin su koma sunan gidauniyarsa, kuma a samo limamin da zai iya jan jama'a. Ya ce shi ba ya zuba dukiyarsa inda ba a gani.

Ladan ya gaya wa kansa cewa addini zai ɗaukaka. Haka Shaiɗan yake zuwa wa mai ilimi, ya 'yan uwa. Ba ya ce masa yi zunubi. Cewa yake yi, yi aikin Allah, amma bi ta nan ya fi sauri.

Sharaɗin farko bai ba shi wuya ba. Ya kai wa kawunsa takarda ya ce ta neman izinin gini ce. Tsohon ya sa hannu bai karanta ba. Wa zai tsaya karanta takardar da ɗansa ya miƙo masa?

Sharaɗi na biyu shi ne aiki, don mutane na son tsohon, kuma ba wanda ya san laifinsa.

Aka gama gini cikin wata tara. Ranar Juma'ar da za a buɗe, aka gayyato manyan baƙi suka cika sahun gaba, tsofaffin masu salla aka tura su baya. Attajirin yana zaune ta dama. Aka maƙala wa kawu sabuwar makirufo a wuyan riga, wadda take kai ko numfashinsa har ƙetaren titi. Ya yi huɗubarsa gajera kamar kullum, aka tayar da salla.

A raka'a ta biyu, cikin surar da ya karanta fiye da sau dubu, fitilar ta mutu.

Ya tsaya. Ya koma farkon ayar, ya zo wurin, ya sake tsayawa. Ya ɗan karkato kunnensa baya, yadda ya saba. Kalmar tana kan harshen Ladan. Yana ganin ƙeyar tsohon, yana ganin gumi na gangarowa ta ƙarƙashin hula. Ya dantse leɓɓansa.

Baƙin sahun gaba ba su ga wurin sa baki ba. Na baya kuwa sun san gyara aikin Ladan ne, kowa yana jiran sa. Lasifika ta riƙa watsa numfashin tsoho mai rawa a kan titi. Ya maimaita ayar karo na uku. Can sai wani direba daga sahun ƙarshe ya ɗaga murya ya faɗi kalmar, amma tsohon ya riga ya rikice, bai kama ba. Ya yi kabbara ya yi ruku'u haka nan.

Da aka idar, mutane suka fita suna ƙus-ƙus. A bakin ƙofa, yana laluben takalminsa da ƙafa, kawu ya tambayi Ladan ba tare da ya ɗago kai ba, "Ka ji na tsaya?"

Ladan ya ce ƙarar lasifika ce ta ruɗa shi.

Tsohon ya ce, "To. Allah dai ya ji mu duka."

Washegari kwamitin masallaci ya zauna, kwamitin da Ladan ya zaɓo mutanensa ɗaya bayan ɗaya. A nan ya miƙe, idonsa cike da hawaye, ya ce ba zai iya ci gaba da ɓoye wa jama'a gaskiya ba: shekara biyu ke nan yana rufa wa kawunsa asiri. Sirrin da ko matar tsohon ba ta sani ba, ya shimfiɗa shi a kan tebur gaban mutum goma sha ɗaya. Aka ɗinka wa kawu babbar riga, aka ba shi kujera a gefe, aka ce daga yau shi ne uban masallaci. Ladan ya zama liman. Tsohon bai taɓa zama a kujerar ba. Ya daina zuwa.

Daga nan shago ya buɗe.

Sahun gaba aka shimfiɗa masa kafet mai kauri, aka kewaye da igiya, ba mai zama sai masu bayarwa sun iso. Ma'aikatan injin katako aka ce su riƙa tsayawa a baranda, kada ƙurarsu ta ɓata shimfiɗa. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna salla a wurin, suka zama baƙi. Sannu a hankali suka janye, suka share wani gefe a rumfar injin, suka roƙi kawu ya riƙa ja musu salla da gajerun surori.

Ladan bai damu ba, idonsa na ƙetaren titi. In can suka buɗe makarantar yamma kyauta, sai ya buɗe tasa har da rigunan makaranta. In suka kawo motar ɗauko mutane, sai ya kawo biyu. Suka juyo lasifikarsu ta fuskance shi, ya juya tasa ta fuskance su. Ran Juma'a huɗuba biyu suke karo a tsakiyar titi, mai wucewa ba ya gane ko ɗaya.

Sai ya lura da wani abu, irin abin da ɗan kasuwa ke lura da shi. Ranar da ya yi wa'azi a kan cika mudu da biyan ma'aikaci haƙƙinsa, mutane sun yi ta hamma, attajirin kuma ya ɗaure fuska. Ranar da ya taɓa na ƙetaren titi kuwa, masallaci ya cika har waje, aka ɗaga wayoyi ana ɗauka. Mai shago ba ya ajiye kayan da ba sa fita. Ya ninke wa'azin mudu ya ajiye.

Da farko ya ce suna da kurakurai. Da kunnen mutane ya saba da wannan, ya ce salla a bayansu ba ta yi. Da wannan ma ya yi sanyi, ya ce kada a ci abinci da su, kada a tsaya wa gawarsu. Shi da kansa ya san bambancin da ke tsakani bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya san mutanen nan da sunayensu, ya sayar musu da fenti, ya yi kafaɗa da kafaɗa da su a sahu shekara da shekaru. Amma matashin limamin can ma yana ramawa, kuma duk wanda ya sassauta, gobe takalman ƙofarsa za su ragu.

Wa da ƙani suka daina gaisawa a gareji ɗaya. Mata suka daina aron turmi a tsakaninsu. Ladan yana jin labari, yana cewa alamar gaskiya ce ta fara aiki.

Surukinsa, dattijon nan mai gyaran agogo, shagonsa a ƙetaren titi yake. Gwiwoyinsa sun yi rauni, tsallaka babban titi sau biyar a rana ya gagare shi, sai ya riƙa salla a masallacin da ke kusa da shi. Iyakar laifinsa ke nan. Da Allah ya karɓi ransa, a can aka shirya yi masa salla. Ladan ya sa riga zai fita, sai ya tuna wayoyin mutane, ya tuna abin da ya faɗa da bakinsa. Ya cire rigar ya zauna. Ya ce wa matarsa ita ma ta dakata har jama'a su ragu.

Ba ta dakata ba. Ta ɗauki mayafinta da 'ya'yanta biyu ta tafi. Bayan kwana bakwai ya aika ta dawo. Ta aiko masa cewa tunda ya ce gawar mutumin da ya ɗauke ta ya ba shi ba ta isa ya tsaya mata ba, to 'yarsa ma ba ta isa ta zauna masa ba.

Kun san abin da ya yi, ya 'yan uwa? Da Juma'a ta zagayo ya hau mumbari ya ba da labarin, ya ce ya rasa iyalinsa saboda riƙo da gaskiya. Mutane suka yi kabbara. Har raunin gidansa ya ɗora a kan kanta ya sayar.

Amma wutar da aka hura da baki ba ta tambayar mai hurawa inda za ta tsaya. Wata Juma'a sahun masallatan biyu suka haɗu a kan titi. Aka yi gardama a kan wurin shimfiɗa darduma, magana ta zama ture-ture, ture-ture ya zama jifa. Matasan da Ladan ya yi shekara uku yana cika wa kunne suka farfasa gilasan ƙetaren titi. Dutse ya sami wani ma'aikacin injin katako, wanda ba ya wancan ba ya wannan, yana wucewa ne zuwa rumfarsu. Idonsa na hagu ya tafi. Yana da 'ya'ya biyar.

'Yan sanda suka fara neman wanda ya zuga. Ladan ya kira attajirin, waya ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, haka. Da safe ya tafi ofishinsa. Sakatariya, wadda a da take miƙewa in ya shigo, ta nuna masa benci da tsinin biro. Ya zauna tun hantsi har azahar ta wuce. Da aka buɗe ƙofa, sai ga attajirin ya fito rakiya, hannunsa cikin hannun mutumin da ya gina masallacin ƙetaren titi, suna ƙyaƙyata dariya. Ashe sun fi wata shida da haɗa jari a wata babbar kwangila. Kowa a ofishin ya sani, ban da liman.

A tsaye attajirin ya saurare shi, yana duba agogo. Ladan ya ce duk abin da ya yi domin masallacinsu ya yi, ya tuna masa kawunsa da matarsa.

Attajirin ya ce, "Malam, ni ban ce ka zagi kowa ba. Mutane na ce ka tara mini. Kai ma ɗan kasuwa ne, ka sani, kaya in sun fara jawo asara sauke su ake yi daga kanta."

Kafin la'asar gidauniya ta fitar da sanarwa cewa ba ta da hannu a kalaman tsohon limaminta. Ladan ya zama tsohon liman tun bai sani ba. Aka sauya kwaɗon ofishinsa, aka ba shi kwana uku ya kwashe kayansa daga gidan liman. Ya ce filin nan na kawunsa ne, aka nuna masa takarda, da sa hannun tsohon, da nasa a matsayin shaida.

Ya yi zaton jama'arsa za su tashi. Ai dubbai ne, ai sun yi masa kabbara. Juma'ar da ta biyo, gidauniya ta kawo sabon liman daga nesa, mai mabiya da yawa a waya, wanda ya yi huɗuba mai daɗi a kan haɗin kai, don yanzu haɗin kai ke da kasuwa. Masallaci ya cika maƙil. Ba a ga gurbin mutum ɗaya ba. Waɗanda suka ɗaga waya suna ɗaukar Ladan, su suka ɗaga wa sabon. Abin da suka ɗauka a da kuwa, shi aka kunna a kotu, muryarsa mai daɗi tana karanta masa laifinsa da kanta.

Ya yi wata goma sha ɗaya a tsare. Ba wanda ya leƙo daga sahun gaba. Da ya fito, mai shagon fenti ya ba shi haƙuri, ya ce ba zai iya mai da shi aiki ba, don rabin masu sayensa mutanen da ya kafirta ne.

Sai a lokacin ƙafarsa ta kai shi gidan kawu. Da hantsi ya je. Ya tarar da tsohon zaune a tabarma a inuwar katanga, ya rame, inna tana gefensa tana yanke masa farce. Ladan ya durƙusa. Tsohon ya dube shi da fara'a ya ce sannu baƙo, daga ina?

Ladan ya faɗi ko shi wane ne. Ya faɗi komai: takardar, da shirun da ya yi a salla, da sirrin da ya tona. Yana magana yana kuka. Tsohon yana saurare yana gyaɗa kai. Da ya gama, sai kawu ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Wanda ya yi maka haka bai kyauta ba, bawan Allah. Ka yi haƙuri, ka bar shi da Allah." Ya juya ya ce wa matarsa a kawo wa baƙo ruwa.

Inna ta kawo ruwan, ta ajiye a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shekara guda ya yi a nan da hankalinsa, yana kallon ƙofar nan, yana ce mini yaron nan zai zo, kada in riƙe shi a rai. Ba ka zo ba. Yanzu ka zo, babu wanda zai yafe maka a gidan. Sha ruwanka."

Bayan wata biyu tsohon ya rasu. Ladan ya bar garin. An ce yana dakon kaya a wata tashar mota, kuma in ladanin tashar bai zo ba aka nemi mai kiran salla, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba shi da murya.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce na hana gina masallaci mai kyau, ko na hana rige-rige wajen alheri. A yi gini, a sa fanka, a buɗe makaranta. Amma ku tambayi zuciyarku: in maƙwabcinku ya shiryar da mutum ɗari, daɗi kuke ji ko ciwo? In ciwo kuka ji, to ba Allah kuke yi wa aiki ba, shago kuka buɗe.

Wanda ya mai da masu salla masu saye, ya sani mai saye ba shi da alkawari da shago. Inda aka fi sanyaya masa rai can zai tafi gobe. Wanda kuma ya jingina mumbarinsa da aljihun wani, ranar da mai aljihun ya gyara tsayuwa, ƙasa zai sha.

Ku kuma da ke zaune, kada ku ce laifin Ladan ne shi kaɗai. Wa ya yi hamma ranar wa'azin mudu? Wa ya cika masallaci ranar zagi? Ai ba ya sayar da abin da ba a saye. Ni kaina da nake tsaye a gabanku, ranar da kuka ji na fi son yawanku a kan gyaruwarku, ku ja mini riga tun ban yi nisa ba.

Wanda kuma yake da haƙƙin wani a wuyansa, ya je yau. Kada ya jira sai ya faɗi. Ba kullum ake tarar da mai yafewa yana nan da ransa da hankalinsa ba.

Ya Allah, ka tsarkake mana niyya. Kada ka sa mu ci abinci da addininka, kada ka sa mu ci amanar waɗanda suka riƙe mu. Ka haɗa zukatan masu fuskantar alƙibla ɗaya. Allah ya kiyaye mu da zuri'armu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.